Hadarin da ke wucewa ta kanmu, ina yake zuwa?

Talata, 8 ga Oktoba, 2024

Hajiyar Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri, yau zancena ba na unguwa ba ne. Tun jiya ban runtsa ba. Ɗana na biyu da ke aikin jinya a Tampa, can jihar Florida ta Amurka, ya kira ni bayan isha'i ya ce hukuma ta ba su umarnin barin unguwarsu, wai wata mahaukaciyar guguwa mai suna Milton tana tafe. Shi ba zai tafi ba, asibiti zai kwana. Matarsa ce ta kwashi yara biyu ta kama hanyar arewa, ga cunkoso, ga gidajen mai da yawa sun ƙafe. Ya turo mini hoton gidansu, sun bubbuga katako a kan tagogi kamar shagon da mai shi ya yi ƙaura.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko mako biyu ba a cika ba da wucewar wata, Helene. Ya ce katifu da kujerun da ruwanta ya lalata suna nan jibge a bakin titi, ba a gama kwashewa ba. Kuma a watan Agusta da na tambaye shi, ce mini ya yi shiru kake ji, an tsorata su tun farkon shekara amma ba a ga komai ba. To me ya tashe su lokaci guda haka, wata na bin wata? Malam, kai ka koyar da yaranmu labarin ƙasa, shi kansa ɗalibinka ne. Don Allah ka warware mini, ko hankalina ya kwanta.

Kafintan Dilimi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare su, ya sa ta wuce ta kan ruwa.

Maman 'Yan Biyu:
Amin ya Allah. Sannu Yaya, uwa ba ta barci ɗanta na cikin hadari. Muna tare da ke da addu'a.

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
Hajiya, sannu da fargaba. Yaron nan mai natsuwa ne tun yana aji uku, kuma asibitocin can an gina su ne da sanin irin wannan rana. Ki kwantar da hankali.

Amsar tambayarki kuwa, ki yi mamaki, daga ƙofar gidanki take farawa. Kin taɓa ganin hadarin kirki ya taso daga yamma? Kusan kullum daga gabas yake haɗowa. Da la'asar sai ki ga ya yi baƙi ƙirin ta wajen Dutsen Shere, iska ta fara kaɗa leda da ƙura, ya sauke abin da zai sauke a kanmu ya yi gaba. Mu a nan muke mantawa da shi, sai mu kwashe shanya mu tara ruwa a baho. Shi kuwa bai tsaya ba. A sama da mu, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke busawa daga gabas zuwa yamma duk damina. Tana tafiya tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kowace lanƙwasa tana ɗauke da tarin hadarinta. Duk kwana 3 zuwa 5 sai ɗaya ta wuce. Shi ya sa a cikin marka za ki ga an yi kwana biyu ana sheƙa ruwa, a ɗan sarara, a sake. Tuddai ne ke yawan kunna wannan hadari: tsaunukan Habasha, na Darfur, na Kamaru, da wannan tudu namu na Jos da muke zaune a kai, sama da mita 1,200. Daga nan ya bi ta Nijar, Burkina Faso, Mali, ya faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Senegal ko Gini.

A shekara irin waɗannan sukan kai wajen 60. Yawancinsu suna shiga teku suke mutuwa. Amma idan ɗaya ta tarar da ruwan teku mai ɗumi, digiri 26 da rabi ko fiye, sai tururi ya riƙa tashi yana ciyar da ita, juyawar duniya ta sa ta fara kewaya kanta kamar ana dama kunu. In iskarta ta kai gudun kilomita 63 a awa, sai a raɗa mata suna. In ta kai 119, ta zama mahaukaciya. Mafi yawan manyan da suka taɓa yi wa Amurka da tsibiran Karebiyan ɓarna, asalinsu nan ne, Afirka. Irma ta 2017 da ta sa aka kwashe mutanen tsibirin Barbuda kaf, kusa da tsibiran Cape Verde ta tashi.

Lokacin nasu daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. Ki duba, kusan daidai da daminarmu.

Direban Bauchi Road:
Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ba ka amsa ba. Ai kowace shekara ana damina. Me ya sa bana aka yi shiru sannan aka ɓalle?

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
Ina zuwa, yatsun tsoho ne ke rubutun.

A watan Mayu hukumar yanayi ta Amurka ta yi hasashen guguwa masu suna 17 zuwa 25, alhali a shekara ta yau da kullum 14 ake samu. Aka fara da ƙarfi kuwa. Beryl ta kai mataki na 5, mafi ƙololuwa, tun farkon Yuli, ba a taɓa ganin haka da wuri irin wannan ba, ta kuma ragargaza tsibirin Carriacou na Grenada. Sai kuma daga Ernesto a tsakiyar Agusta ba a sake samun sabuwa ba sai Francine ranar 9 ga Satumba. Kusan mako huɗu, a tsakiyar lokacin da ya kamata a ce sun fi yawa.

Cikin dalilan da masana suka kawo, akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. Bana damina ta haura arewa fiye da yadda ta saba. Hadarin da ya kamata ya fita teku ta inda ruwa ke da ɗumi, sai ya riƙa fita ta can sama, wajen Mauritaniya, inda ruwan ke da sanyi ga kuma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura. Ƙura da bushewa su ne maƙiyan guguwa, shaƙe ta suke yi tun tana jaririya. To ku tuna abin da ya same mu a waɗannan makonni. Tsohon masallacin Damagaram ya rushe da ruwa a farkon Satumba. An yi ruwa a cikin hamadar Maroko har tafkin da ya shekara hamsin a bushe ya cika. Chadi da Nijar sun sha ambaliya. Ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Lokacin da ɗanki ke ce miki shiru kake ji, mu ne muke cikin ruwa.

Shi kuwa teku duk wannan lokacin yana ta tara zafi ba abin da ya taɓa shi, kamar tukunyar da aka bari a wuta da murfi. Da ƙarshen Satumba ya zo, ƙura ta lafa, iskar sama ta daidaita, sai aka buɗe murfin. Helene, Isaac, Joyce, Kirk, Leslie, Milton. Shida cikin ƙasa da mako biyu. Shekaranjiya Lahadi uku ne mahaukata a teku lokaci guda.

Ɗalibar Jami'a:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan gyara, a yi mini afuwa. Kada Hajiya ta ɗauka Milton ɗin nan ta kanmu ta bi. Kirk da Leslie da Beryl, e, daga gaɓar Afirka suka fita. Amma Helene a yammacin tekun Karebiyan ta haɗu, Milton kuma a cikin mashigin tekun Meziko ta tashi ranar Asabar. A ƙarshen lokaci irin yanzu, yawanci a can kusa da su ake haifarsu, shi ya sa ma suka fi haɗari, ba sa ba da dogon lokacin shiri. Milton jiya Litinin cikin yini ɗaya ta tashi daga mataki na 1 zuwa na 5, iskarta ta kai wajen kilomita 285 a awa. Zafin ruwan wurin ne ya yi mata wannan ƙiba.

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
Gaskiyarki 'yata, na karɓi gyara. Na yi doguwar shimfiɗa har na haɗa su a tabarma ɗaya. Allah ya yi miki albarka.

Direban Bauchi Road:
To ni fa abin da nake gani a TikTok daban ne. Su kansu Amurkawan suna cewa gwamnatinsu ce ke sarrafa yanayi da na'urori, ta tura guguwa inda take so saboda zaɓensu na wata mai zuwa. Mutanen da suka je wata, wannan zai gagare su?

Ɗalibar Jami'a:
Kawu, ya gagare su. Sun ma gwada. Daga shekarun 1960 har zuwa farkon shekarun 1970 sun riƙa aika jirage suna zuba wani sinadari cikin guguwa don su rage mata ƙarfi, daga baya suka watsar don ba su ga ya yi aiki ba. Abu ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita, kamar ka ce daga Jos zuwa Kano duk hadari ɗaya ne yana juyawa. Da suna da linzaminta, da ba su bar Katrina ta cinye New Orleans a 2005 da rayuka sama da 1,300 ba. Mai iya juya guguwa ba ya kwashe jiragen yaƙinsa daga sansani yana gudu da su.

Direban Bauchi Road:
Hmm. Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Amma dai ban saki duka ba.

Mai Shago a Terminus:
Ni ba na'ura nake gani ba. Shekara guda cif ana kashe bayin Allah a Gaza da makamansu. Yanzu ga shi Allah ya aiko musu da nasu. Wanda ya shuka ƙaya ba zai taka auduga ba.

Maman 'Yan Biyu:
Haba Alhaji! Ka karanta abin da ya buɗe zancen nan kuwa? Jikokin Hajiya ne a cikin mota a kan hanya.

Mai Shago a Terminus:
Ban nufi iyalan Hajiya ba, Allah ya sani. Hajiya ki yafe ni. Zuciya ce ke tafasa.

Na'ibin Masallacin Layinmu:
Alhaji, zafin da kake ji kan Gaza duk muna jin sa, ba wanda zai ce ka daina. Amma mu yi hattara da yanke wa Allah hukunci a kan abin da bai sanar da mu ba. Idan kowace iska azaba ce ga wanda ta faɗa wa, me za mu ce wa mutanen Maiduguri da suka kwana a kan rufi da jarirai? Me za mu ce wa mutanen Derna a Libiya, da ruwa ya ɓalle madatsu biyu bara ya tafi da dubbansu cikin dare? Helene ɗin nan da ta kashe sama da mutum 200, da yawansu talakawan ƙauyukan kan tudu ne a North Carolina, tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, ba su ne ke sa hannu a takardar makamai ba. Abin da aka koya mana idan iska ta taso shi ne kada mu zage ta, mu roƙi Allah alherinta da alherin abin da ke cikinta, mu nemi tsari daga sharrinta. Nan iliminmu ya tsaya, kuma ya ishe mu.

Hajiyar Unguwar Rogo:
Na yafe, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Malam da 'yata, na gode, yanzu na fahimta. Ashe abin da ke bisa kanmu da nasu igiya ɗaya ce.

Ɗan Rikkos:
Tun ɗazu nake karantawa ina ta juya abu ɗaya a raina. Hajiya ta ce tun Litinin aka ce su tashi, guguwar kuma sai gobe Laraba da dare ake sa ran saukarta. Kwana biyu cur. An gaya musu unguwa kaza ta tashi, unguwa kaza ta zauna, an buɗe makarantu don masu neman mafaka.

Ni ina da shekara 19 a watan Yulin 2012, daren da ruwa ya ci Rikkos. Azumi bai fi kwana biyu zuwa uku da kamawa ba. Mun dawo daga asham, ana ruwa kamar yadda aka saba, ba wanda ya kawo komai a ransa. Abin da ya tashe ni ƙarar bokitai ce suna karo da juna a tsakar gida. Na sauko da ƙafa daga katifa sai na ji sanyi har gwiwa. Kafin in ɗauko ƙanwata in kai ƙofa ya kai mini ƙugu, ga duhu, an ɗauke wuta. Mahaifina ya fasa silin da taɓarya muka hau ta nan, muka zauna a kan kwano har gari ya waye, muna jin kururuwar maƙwabta tana raguwa ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ke bayanmu, mai yara biyar, katangarsu ta faɗa ciki. Kwana uku muna bin bakin rafi muna neman gawa. Har yau in aka fara ruwan dare ba na iya kwanciya, sai in ɗauki tocila in fita in duba lambatu.

Ba kwana biyu muke nema ba a daren nan. Da wani ya buga mana ƙofa minti talatin kafin nan, ko ya yi shela a lasifikar masallaci, wallahi da yaran nan suna raye, da yanzu sun yi aure. Wannan ne abin da ke ci mini rai in na ga ana nuna taswirar guguwa a talabijin da layin da za ta bi.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu. Na tuna ranar, mu muna Gangare a lokacin, mu ma ruwan ya shigo mana.

Na'ibin Masallacin Layinmu:
Allah ya karɓi shahadarsu. Maganar lasifika kuwa ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Muna shelar ɓatan yaro da ɗaurin aure, me zai hana mu yi shelar ruwa?

Ma'aikaciya daga Abuja:
Sannu ƙanena, Allah ya ba ku haƙuri. Ina so in ce wani abu don kada mu tafi da tunanin cewa a nan ba a hasashe sam. Ana yi. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, ranar da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa jiha jiha, tana kuma fitar da gargaɗin ruwa mai ƙarfi na kwanaki uku. Hukumar kula da koguna ita ma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kowace shekara. Taurarin ɗan'adam da ke ganin hadari yana fita ta Senegal su ne dai ke ganin sa a kan Filato. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin takardar da kunnen mai gida a bakin rafi. A nan Abuja ma, duk damina sai ruwa ya shiga gidaje a wajen Lugbe da Lokogoma, gidaje masu tsada, mutanen da ke da waya da intanet a hannu. Ba rashin labari ne kaɗai ba, an yi gini a kan hanyar ruwa.

Ɗan Rikkos:
Anti, na yarda ana fitarwa. Amma "za a yi ruwa mai ƙarfi a Filato" ba gargaɗi ba ne a wurina. Filato daga Wase har Bassa ne. Ni ina so a ce mini rafin nan ya kai alama kaza, ku fita yanzu.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, a nan akwai bambancin da dole mu faɗa. Guguwar teku ƙatuwa ce, tafiyarta a hankali, ana kallonta kwanaki tana tahowa, har jirage ake aikawa cikinta su auno ta. Hadarinmu kuwa cikin awa biyu zai haɗu ya zubar. Ko a Amurka irin wannan ambaliyar ta farat ɗaya tana shammatar su. Abin da kake nema ba daga tauraron ɗan'adam zai zo ba. Sanda ce mai alamar ja a ƙarƙashin gada, da mutum biyu a sama da rafi masu lambar mutum biyu a ƙasa. In ruwa ya taɓa ja, a kira, a yi shela.

Direban Bauchi Road:
To a yi shelar, su tafi ina? Matar ɗan Hajiya tana da mota da kuɗin otal. Mai turin baro a Rikkos da 'ya'ya bakwai, ƙarfe biyun dare, ina zai nufa? Kuma in ya fita ɓarayi su kwashe ɗan abin da ya tara. Mutane ba wauta ce ke zaunar da su a bakin rafi ba, haya ce ta kore su daga kan tudu.

Ɗan Rikkos:
Kawu, wannan gaskiya ce tsantsa, mu ma bayan ruwan nan gidan muka koma don ba mu da wani. Amma ba ƙaura nake magana ba. Daga ƙofarmu zuwa inda ruwa bai kai ba, tafiyar minti biyar ce. Minti biyar! Makarantar firamare tana nan, masallaci yana nan. Awa uku za ka yi a can ka dawo. Kaya kuwa in ɓarawo bai ɗauka ba ai ruwa ya ɗauka.

Mai Dankali daga Mangu:
Ni tambayata ga Malam ce. Mu manoma mun ga canji da idonmu. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke a tsakiya shuka ta yi yaushi, sannan ya dawo kamar da bakin ƙwarya. Dankali kuwa in laima ta yi yawa cutar ganye ce ke cinye shi, gona ta yi baƙi cikin mako guda. Ga ƙanƙara. Wannan sauyin yanayin da ake faɗa, shi ne ke ƙara musu guguwar can ma?

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
Sannu da aiki, sarkin noma. Zan faɗa maka iyakar abin da ya tabbata. Ba a ce ɗumamar duniya tana ƙara yawan guguwa a lissafi ba. Yawan yana hawa yana sauka da wasu abubuwa, musamman El Nino da La Nina, wato lokutan da ruwan Tekun Pasifik ke yin ɗumi ko sanyi fiye da yadda ya saba: shekarar El Nino iskar sama takan yanke wa guguwar Atlantika kai, shekarar La Nina takan sakar mata mara. A 2020, shekarar La Nina, an samu 30, har sunayen da aka tanada suka ƙare aka koma haruffan Girka. Ranar 14 ga Satumbar shekarar guda biyar ne a teku lokaci ɗaya.

Abin da ɗumama ke yi shi ne ƙara wa wadda ta samu ƙarfi da ruwa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin tururi kamar kashi 7 cikin 100. Soso ne ya ƙara girma. Yana daɗewa bai cika ba, shi ne ɗaukewar da kake gani, in kuma aka matse shi sai ya zubar da abin da ƙasa ba za ta iya sha ba. Wannan doka ɗaya ce a gonarka da Florida. Kuma ka lura, a can ma ba iska ce ta fi kisa ba, ruwa ne. Garin Asheville da Helene ta yi wa kaca-kaca yana kan tuddai ne, ɗaruruwan kilomita daga teku, mutanensa suna ganin sun fi ƙarfin guguwa. Da na ga hotunan garin, Jos ce ta faɗo mini a rai, don mu ma muna da wannan tunanin na cewa muna kan dutse.

Autan Zaure:
Baba Malam, irin wannan za ta iya zuwa Legas wata rana? Kuma wa ke raɗa musu suna?

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
Da wuya ƙwarai, auta. Gaɓarmu ta yi kusa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, inda ƙarfin da ke sa hadari ya kewaya kansa ba shi da tasiri sosai, kuma iska yamma take kora su, nesa da mu. Afirka tana shan nata ta gabas: Idai ta 2019 ta shiga ta Beira a Mozambik ta kashe sama da mutum 1,000 har da Zimbabwe da Malawi, Freddy ta 2023 ta fi wata guda tana yawo a teku kafin ta gama da Malawi. Suna kuwa, hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke riƙe da jeri shida, kowane da suna 21, na mace da na namiji bi da bi, ana maimaita jeri duk shekara shida. Wadda ta yi mummunar ɓarna sai a cire sunanta har abada. Ba za a sake Katrina ba.

Kafintan Dilimi:
Tunda an zo kan abin da ya shafe mu, bari in sa baki a inda na sani. Mu ba ma buƙatar mahaukaciyar teku kafin rufi ya tashi. Iskar farkon damina, ta Afrilu da Mayu, ita ce ke ba ni aiki duk shekara, kuma wallahi ba aikin da nake so ba ne. Bana na je wani gida a Nasarawa, rufin ɗaki uku ya tashi ɗungurungum da katakonsa ya sauka a gidan maƙwabci, Allah ya kiyaye ba kowa a tsakar gida. Da na hau na duba, ko langa-langa ɗaya ba a ɗaure katakon da ita ba, an ɗora shi ne kawai a kan bulo an danne da duwatsu. Kwanon kuma irin mai laushin nan ne, ƙusa ta zarce ta cikinsa kamar takarda.

Iska ba daga sama take danne rufi ba, ta ƙarƙashi take shiga ta ɗaga shi kamar faifai. A ɗaure katako da rodi ko langa-langa tun daga lintel, a sa ƙusar kwano mai hula a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, a rage tsawon bakin da ya leƙo waje, a toshe ƙofar da iska ke shiga tsakanin bango da rufi. Kuɗin wannan bai kai na bandir ɗaya na kwano ba. Amma in ka faɗa wa mai gida sai ya ga kamar kana neman ƙarin kuɗin aiki ne.

Mai Shago a Terminus:
Wannan gaskiya ne, ni ma na taɓa yi maka wannan zargin. Ka zo ka duba mini na shago.

Na'ibin Masallacin Layinmu:
Ɗan Rikkos, ka same ni bayan magariba. Ina so mu je wurin mai unguwa da maganar sandar nan da lambobin waya. Damina ta kusa ɗaukewa, rani ne lokacin yin sa, kafin a manta. Zan yi wa limaman masallatai uku da ke bakin rafi magana, kai kuma ka nemo mana wani daga cocin da ke sama da gada, don ruwan ta wajensu yake fara wucewa.

Ɗan Rikkos:
In sha Allahu, Allah gafarta Malam. Fenti ja ni zan saya.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 2024

Hajiyar Unguwar Rogo:
Alhamdu lillahi. Ya kira ni bayan sallar azahar, muryarsa duk ta dushe. Guguwar ta sauka wajen ƙarfe ɗaya da rabi na darenmu, ta ɗan karkata kudu da su, ta wajen Sarasota, kuma ƙarfinta ya ragu zuwa mataki na 3 kafin ta taɓa ƙasa. Ya ce duk da haka bai taɓa jin kukan iska irin wannan ba, tagogin asibiti suna ta rawa har asuba. Miliyoyin gidaje ba wuta, rufin babban filin wasan da ke kusa da su ya yage, kuma an rasa rayuka, Allah ya jiƙan musulmin ciki ya ba iyalan kowa haƙuri. Bishiya ta faɗa kan shingen gidansu, ruwa ya shiga gareji, amma gidan yana tsaye. Yaran suna lafiya, ƙaramar ce kawai ke ta tambaya ko kifinta na cikin kwalba ya ci abinci.

Malam, ya ce in gaishe ka, wai ya tuna ranar da ka fito da su fili ka sa suka nuna inda hadari ke tasowa. Kafinta, in ka gama da shagon Alhaji ka biyo ta gidana ranar Asabar. Ɗakin baya tun marigayi yana da rai aka yi rufinsa, ban san da me aka ɗaure shi ba.

Kafintan Dilimi:
To Hajiya, da hantsi zan zo. A tanadar mini tsani, nawa yana wurin aiki a Bukuru.